Yadda Ake Haɗa Sabulun Wanke Fuska A Gida, Na Masu Ƙuraje Da Na Masu Manyanta



A Arewa abin da fatarmu ta saba fama da shi shi ne bushewa. Hunturu ya shigo, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi da faso, shi ya sa muka tashi da sabon lafta mai a jiki har da fuska. A nan Kudu kuwa lissafin ya juya. Iskar Legas da Fatakwal da Anaca da Benin cike take da laima, gumi ba ya saurin bushewa, damina kuma tana ɗaukar fiye da rabin shekara. Ka haɗa wannan da hayaƙin motoci, da hayaƙin tukuba ga masu tsire, da ranar da ke dukan masu tura baro da masu talla da masu gadi, sai ka ga saurayin da bai taɓa sanin ƙurajen fuska a gida ba, ya zo ya yi wata shida fuskarsa ta cika. Iyayenmu da suka manyanta su kuma kukansu daban ne: fuska ta yi duhu, ta bushe bayan wanka, tamoji ya fara bayyana.

Wannan damuwar ce ta buɗe wa masu haɗe-haɗe kasuwa. A WhatsApp da TikTok da bakin tasha kullum ana tallar sabulun da wai zai share ƙuraje ya haska fuska cikin kwana bakwai. Ba a rubuta abin da ke ciki ba, ba lamba, ba adireshi. Mutane da dama, maza da mata, garin gyaran gira sun rasa ido. Shi ya sa na ga ya dace in kawo yadda mutum zai haɗa nasa da hannunsa, ya san duk abin da ya zuba. Amma tun daga farko a riƙe wannan: aikin sabulu wanki ne. Sabulun fuska mai kyau shi ne wanda zai ɗauke maiƙo da datti bai ƙona fata ba. Duk wanda ya yi maka alkawarin da ya wuce haka, to ka tambaye shi me ya ɓoye a ciki.

Me ke kawo ƙurajen tun farko?

A ƙarƙashin kowace ƙofar gashi ta fuska akwai wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Maiƙon nan yana da amfani, shi ke hana fata tsagewa. Lokacin balaga sinadaran jiki kan sa ta ninka aikinta, haka ma ga mata idan al'ada ta gabato ko ana da juna biyu. Idan maiƙon ya haɗu da matacciyar fata sai ƙofar ta toshe. Akwai ƙwayar cutar da dama can tana zaune a fatar kowa, sai ta samu wurin yaɗuwa a cikin toshiyar, wurin ya kumbura ya yi ja ko ya tara farin ruwa.

Ka ga ke nan ba ƙazanta ce kaɗai ke kawo su ba. Masu dirje fuska da soson buhu sau biyar a rana ƙara tunzura su suke yi. Matse su da farce kuma shi ke barin baƙin tabo, domin baƙar fata duk inda ta ji ciwo sai ta tara duhu a wurin, kuma tabon kan yi watanni bai gushe ba.

A kuma bambanta su da ƙurajen aski, waɗanda ke fitowa a haɓa da wuya da ƙeya. Waɗancan gashi ne yake lanƙwashewa ya koma cikin fata bayan an yi aski ƙwal da reza. Maganinsu a rage kusantar askin, a yi da kilifa mai tsafta a bar ɗan gashi. Sabulu ba zai hana su ba.

Fatar wanda ya manyanta kuwa akasin ta saurayi ce. Maiƙo ya ragu, sinadarin da ke riƙe fata ya sa ta tsaya cas shi ma yana raguwa da shekaru, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Rana da taba sigari su ne manyan masu gaggauta abin. Irin wannan fatar sabulu mai ƙarfi cutar da ita yake yi. Shi ya sa awon da zan bayar ya kasu biyu.

Yadda mai ke zama sabulu

Sabulu abu uku ne: mai, soda da ruwa. Sodar da ake nufi ita ce sodar sabulu, wadda 'yan kasuwa ke kira kostik soda, fara mai kamar ɓarzajjen gishiri ko ɓawon kifi. Ba bakar hoda ba ce, ba kanwa ba ce. Idan ta haɗu da mai sai su cinye juna, su zama sabulu da gilisarin. Idan awo ya yi daidai, ba sauran soda a cikin sabulun da ya nuna. Idan soda ta yi yawa, ragowarta ce za ta ci fuskar mutum. Idan ta yi kaɗan ƙwarai, sai ya fito laɓo-laɓo ya yi saurin wari.

Kowane mai da yawan sodar da yake ci. Ga lissafin, na kowane giram 100 na mai:

Kitsen shanu: giram 14.3
Man kwakwa: giram 18.3
Man kaɗanya: giram 12.8
Man zaitun: giram 13.5
Man gyaɗa: giram 13.7

Ka lura man kwakwa ya fi kowa ci. Don haka ba a cire wani mai a musanya da wani kai tsaye sai an sake lissafi. Kuma ba a awon sabulun fuska da gwangwani ko cokali ko "daidai misali". Sai da sikelin kicin mai nuna giram ɗaya-ɗaya. Wanda bai da sikeli ya tsallaka zuwa hanya ta biyu da ke ƙasa.

Kitse: abin da muke da shi a hannu

Mahaifina fataucin shanu yake yi, a tsakanin kara da mayanka na tashi, don haka kitse ba baƙona ba ne. Daga Oko-Oba a Agege, zuwa Karar da ke bakin Berger, zuwa Akinyele a Ibadan, Amansea a Anambra da Lokpanta a Abia, ko'ina akwai mutanenmu a harkar shanu da fawa. Kitsen da sau da yawa ake haɗa wa mai saye a matsayin gyara, shi ne ɗaya daga cikin tsofaffin kayan haɗa sabulu a duniya. Ka duba bayan kwalin wasu sabulan kanti, idan ka ga an rubuta sodium tallowate, to kitse ne aka yi wa suna. Yana ba da sabulu fari, mai tauri, mai kumfa mai laushi, wanda ba ya saurin narkewa, kuma wannan babban abu ne a garin da laima ke cinye sabulu. Ga kwanciyar hankali, ka san dabbar ka san wanda ya yanka ta.

Wanda ya fi kyau shi ne kitsen da ke lulluɓe da ƙoda, fari mai tauri da ke ɓarɓashewa a hannu. Tozo a bar wa masu tsire, nama ya yi masa yawa. Kilo ɗaya na kitsen ƙoda ya ishi wannan haɗin har da saura.

Ga yadda ake tace shi. A cire jijiya da jini da guntayen nama, a yayyanka ƙanana. A zuba a tukunya da ruwa kofi biyu da gishiri cokali ɗaya, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan awa biyu zuwa uku. Dafawa ake yi ba suya ba; idan ya soyu kamar kakiden miya, ƙamshin nama ba zai bar shi ba. A tace da ƙyalle mai tsafta a cikin kwano, a bar shi ya daskare, a firij in akwai wuta. Zai taru a sama kamar faifai, ruwa da datti suna ƙasa. A ɗaga, a kankare gindin, a sake narkawa da sabon ruwa. Sau biyu ko uku za ka ga ya yi fari tas, wari ya tafi. Na ƙarshe a narka shi ba ruwa, a bar shi a wuta kaɗan har ya daina tartsatsi, alamar ruwan da ya rage ya fita.

Wasu za su ce yaya mai ƙuraje zai sa kitse a fuska? Ai ba kitsen za a shafa ba. Bayan ya haɗu da soda ya tashi daga kitse ya koma sabulu, kuma wanke shi za a yi.

Sauran kayan

Man kaɗanya, wanda Yarbawa ke kira ori, Inyamurai kuma okwuma, ana kawo shi daga Neja da Kwara da yankin Saki a Oyo. A nemi wanda ba a gauraya ba, mai ƙamshin kaɗanya. Man kwakwa yana samuwa sosai a yankin Badagry da sauran bakin teku. Shi ke kawo kumfa da ƙarfin wanki, amma idan ya yi yawa yana busar da fuska, shi ya sa ba zai wuce kashi 15 cikin 100 ba a nan. Man zaitun shi ke sa laushi. In ya yi tsada ko ana shakkar asalinsa, man gyaɗa mai kyau zai tsaya a madadinsa tunda cin sodarsu kusan ɗaya ne, sai dai sabulun man gyaɗa kada a ajiye shi ya daɗe. Soda kuwa ana samu a kasuwar sinadarai ta Ojota a Legas, a sauran garuruwa kuma wurin masu sayar da kayan haɗa sabulun ruwa. A sayi busasshiya. Wadda ta sha iska ta dunƙule ko ta jiƙe ƙarfinta ya ragu, lissafi ba zai fita ba. Ruwa a yi amfani da na gora ko na leda, domin ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa na Legas yana da gishiri ko tsatsa.

Kafin a taɓa soda

Nan ne wurin da ba wasa. Yawancinmu a gidan haya muke, ɗaki na kallon ɗaki, tsakar gida ɗaya, yaran kowa na yawo. Ruwan soda fari ne kamar ruwan sha. Likitoci a ƙasar nan sun sha karɓar yaran da suka kurɓe shi a gidajen masu sana'ar sabulu, maƙogwaro ya ƙone ya tsuke, yaro ya kasa haɗiyar abinci, wani sai an yi masa aiki. Don Allah kada a zuba shi a gorar ruwa ko ta lemo, kada a ajiye shi a ƙasa, kada a juya masa baya ko na minti ɗaya. A yi aikin lokacin da yara suke makaranta ko Islamiyya.

Sai waɗannan:

A sa safar hannu ta roba, da tabarau mai rufe ido, da riga mai dogon hannu.
A yi a fili ko bakin taga, domin tururin farko yana shaƙe mutum.
Soda ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. In aka juya, tana iya tafasowa ta fallatsa.
Ba a amfani da tukunyar alminiyom ko ta dalma. Soda na cin su, tana fitar da iska mai kama wuta. A nemi bakin ƙarfe marar tsatsa ko roba mai kauri wadda aka buga lamba 5 a gindinta.
Kayan da aka yi sabulu da su sun bar kicin ke nan.

In ta taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa minti 15 zuwa 20, na ido kuma a wuce asibiti. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa manja kamar yadda aka saba a nan, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take tare da ledar sodar.

Hanya ta farko: awo da haɗi

Kitsen shanu tatacce: giram 250
Man zaitun ko man gyaɗa: giram 100
Man kwakwa: giram 75
Man kaɗanya: giram 75
Ruwa mai sanyi: giram 150
Soda: giram 68 ga mai maiƙo da ƙuraje, giram 66 ga busasshiyar fata da ta masu manyanta

In ka buga lissafin da na bayar a sama za ka ga wannan man zai iya cin kusan giram 72 da rabi. Da gangan aka rage, don a bar ɗan mai da soda ba ta ci ba. Shi ne ke sa sabulun ya yi sauƙi a fuska, kuma shi ne kariya idan sikeli ya ɗan yi kuskure.

1. A auna ruwa a roba, a riƙa barbaɗa soda a hankali ana juyawa har ta narke ruwan ya washe. Zai yi zafi sosai, kusan tafasa. A ajiye a wurin da hannu ba ya kaiwa.

2. A narka kitse da man kaɗanya da man kwakwa a wuta kaɗan, a sauke, a zuba man zaitun.

3. A jira duka biyun su huce su dawo ɗumi, kamar digiri 40 zuwa 45. In ba ma'auni, a taɓa bayan mazubin da safa: ɗumi mai daɗi, ba zafi ba. Kada man ya huce har ya fara daskarewa.

4. A tsiyaya ruwan soda a cikin mai siriri-siriri ana juyawa. Da cokali aikin kan kai minti 40 zuwa awa ɗaya ko fiye. Da injin markaɗe na hannu 'yan mintuna ne.

5. Alamar ya haɗu ita ce ya yi kauri kamar koko, in ka ɗiga daga cokali sai ɗigon ya ɗan tsaya a sama kafin ya nutse, kuma ba mai da ke yawo a gefe. A nan ake zuba kayan ƙari.

6. A juye a robar ayis kirim ko akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda. A ɗan buga gindin don iska ta fita, a rufe.

7. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu a fitar, da safa a hannu, a yanka. Zai ba da guda shida ko bakwai.

8. A jera su da tazara a inuwa inda iska ke ratsawa, ana juyawa duk bayan 'yan kwanaki, sati huɗu zuwa shida. A damina a cika shidan.

Wannan jiran shi ne inda mutane ke karaya. Sabon sabulu yana da zafi a fata kuma yana saurin narkewa. Sannu ba ta hana zuwa. In ka ga yana gumi a lokacin ruwa, gilisarin ne ke jan laimar iska, ba lalacewa ba ce. A goge a matsar da shi kusa da fanka. Kada a ɗaure shi a leda kafin ya bushe.

Kayan ƙari

Ga masu ƙuraje, a wannan awon: farar ƙasa ta kwalliya cokalin shayi biyu, a dama da ɗan ruwa kafin a zuba, tana taimakawa wajen ɗauke maiƙo. Garin ganyen darbejiya, wato dogon yaro, busasshe a inuwa, tankaɗaɗɗe da laushi, cokalin shayi ɗaya. Masu son baƙi su sa gawayin da ake sayarwa a kantin magani cokalin shayi ɗaya, ba na murhu ba.

Ga masu manyanta: zuma cokalin shayi ɗaya a narka da ruwan ɗumi kaɗan. Kada a wuce haka, kuma kada a lulluɓe mazubin da bargo, domin zuma na ƙara wa haɗin zafi har ya tsage. Kurkum rabin cokalin shayi in ana so, don launi.

Gaskiyar magana, waɗannan duk taimako ne kaɗan. Abin da ke zama a fuska rabin minti a wanke shi, kuma ya riga ya ratsa ta cikin soda, ba zai yi abin al'ajabi ba. Awon mai da soda shi ne sabulun. Turare kuma a haƙura da shi a na fuska, yana cikin abubuwan da suka fi sa ƙaiƙayi.

Hanya ta biyu: da sabulun salo, ba soda

Wanda ke da ƙananan yara a ɗaki ɗaya, ko ba shi da sikeli, wannan ta fi masa. Sabulun salo shi ne Yarbawa ke kira ose dudu, a Gana kuma alata samina. Da tokar ɓawon koko ko ɓawon ayaba ake dafa shi tare da man alayyadi ko man kaɗanya, tokar ce ke yin aikin soda. Na asali ba baƙi wuluk ba ne, ruwan ƙasa ne mai duhu, yana da laushi yana marmashewa.

A samu kamar cikin kofi biyu, a marmashe a cire tsakuwa da guntun gawayi. A yayyafa ruwan da aka tafasa ya huce, cokali huɗu zuwa biyar, a rufe ya kwana. Da safe a daka a turmi mai tsafta har ya haɗe. Mai ƙuraje ya zuba farar ƙasa cokali ɗaya da garin darbejiya cokalin shayi ɗaya. Mai busasshiyar fata ya zuba zuma cokali ɗaya da narkakken man kaɗanya cokali ɗaya. A mulmula, a bar shi ya sha iska kwana uku. A riƙa yin kaɗan-kaɗan, wanda zai ƙare a wata ɗaya.

Sai dai sabulun salo yana da ƙarfi, kuma kowane dahuwa da nasa ƙarfin. Ba a goga shi kai tsaye a fuska, domin ɓurɓushin toka na yagar fata. A murza a tafin hannu, kumfar ce ake kaiwa fuska. A fara da sau uku a sati.

Abubuwan da ba sa shiga

Lemon tsami: yana kashe sabulu, yana kuma iya ƙona fata ya bar duhu idan rana ta same ta.
Man goge baki, alif, ruwan wanke farin kaya: ba na fuska ba ne.
Kafson antibayotik da ake farkewa a zuba: ba ya warkar da ƙuraje ta haka, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.
Man tub da garin bilicin: nan ne babbar ɓarnar take.

Yawancin haɗin "kwana bakwai" ƙarfinsa daga ɗayan uku ne. Na farko sitiroyid, irin su clobetasol da betamethasone. Da fari fuska za ta yi sumul mutum ya yi murna, daga baya fata ta yi siriri, korayen jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsage jiki, sabbin ƙuraje su feso, in an daina kuma abin ya dawo ya fi da. Na biyu hydroquinone, wanda daɗewa ana shafa shi ke barin baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Na uku makuri, wanda ke taɓa ƙoda da jijiyoyi, kuma yana iya isa ga jaririn da ke ciki ko wanda ake shayarwa. Hukumar NAFDAC ta hana sa makuri da sitiroyid a kayan kwalliya, kuma ta sha gargaɗi a kan bilicin. Amare musamman a yi hattara da haɗin da ake kawowa ana saura sati biyu biki.

Yadda ake gwadawa da yadda ake amfani

Bayan ya nuna, a duba shi. Farin gari-gari a sama kawai ba komai, a kankare. Amma in yana farfashewa kamar alli, ko akwai fararen ƙwayoyi ko ramuka masu ruwa a ciki, soda ta yi yawa ko ba ta gauraya ba, kada ya taɓa fuska. Masu sayar da soda suna sayar da 'yar takardar gwaji mai canza launi. A kan kumfa ya kamata ta nuna 9 zuwa 10. In ta kai 11 ko sama, a bar shi.

Sai a gwada a cikin hannu wajen gwiwa, kwana biyu a jere. In ba ja ba ƙaiƙayi, a kai fuska.

Fatar mutum tana wajen 5 a wannan ma'aunin, sabulu kuma 9 zuwa 10. Wato ko mafi kyawun sabulu yana ɗan takura wa fata. Don haka mai ƙuraje sau biyu a rana ya isa, safe da dare, da yatsu, rabin minti, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Mai manyanta sau ɗaya da dare, da safe ruwa zalla. Alwala sau biyar dama tana ɗauke gumi a tsakani. In bayan wanki fuska ta ɗaure kamar ganga, ya yi maka ƙarfi, ka rage. Mai busasshiyar fata ya shafa ɗan man kaɗanya tun fuska da danshi. Mai maiƙo ya nisanci basilin da man kwakwa da man gashi a goshi. A riƙa canza rigar filo, kowa da tawul ɗinsa.

Ga tamoji da duhun fuska, inuwa ta fi kowane sabulu. Malafa, lema, hula mai baki, da man kariyar rana mai lamba 30 ko sama ga mai hali. Baƙar fata ma rana na cin ta, kuma ita ke ƙara wa tabon ƙuraje duhu.

Lokacin da sabulu bai isa ba

In an yi sati takwas ana kulawa ba canji, a je kantin magani mai rajista a tambayi mai ilimin magunguna game da benzoyl peroxide ko salicylic acid. Su ma sai an ba su sati shida zuwa takwas, kuma na farkon yana koɗar da tufafi. Mai juna biyu kada ta shafa ko ta sha komai na ƙuraje sai da izinin likita. Manyan ƙuraje masu zurfi da zafi, masu barin rami, ko fuskar da man tub ya riga ya lalata, waɗannan na likitan fata ne. Asibitocin koyarwa irin su LUTH da ke Idi-Araba da UCH na Ibadan suna da sashen fata. Wanda ya daɗe yana shafa sitiroyid kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai nuna masa yadda zai janye.

Ga masu tunanin sana'a

Ƙannenmu da matan aure da ke neman abin yi a Sabo da Agege da Mile 12 da Ama Hausa, wannan hanya ce, tunda kitsen a hannun 'yan uwanmu yake. Amma a fara da na gida, a maimaita awo ɗaya sau da yawa har hannu ya faɗa, a riƙa rubuta ranar haɗi da abin da aka zuba a littafi. Kafin a kai kasuwa a nemi rajistar NAFDAC, a rubuta kayan haɗin a jikin kwali. In mai saye ya ce yana son wanda zai sa shi fari, a gaya masa ba a nan ba. Fuskar mutane amana ce, kuma a unguwannin nan namu kowa ya san ƙofar kowa.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa albarka a neman da ya kawo mu.